Na gaji da jinyar Mama, laifi ne in nemi hutu?

Anti, barka da aiki. Ni matar aure ce mai 'ya'ya uku. Shekara uku ke nan mahaifiyata tana hannuna, tun da ta samu shanyewar ɓarin jiki. Shekarunta sun haura tamanin. Ba ta tashi sai an ɗaga ta. Ni nake yi mata wanka, ni nake ba ta abinci a baki, ni nake gyara ta idan ta ɓata jikinta. Tun bara kuma mantuwa ta shigo. Da rana ta yi ta barci, da dare ta yi ta kiran sunana, wani lokacin tana cigiyar mahaifinmu da ya daɗe da rasuwa. Rabona da barcin kirki har na manta.

Mu biyar ta haifa. Babban yayanmu yana turo kuɗin magani duk wata ba fashi. Sauran sukan bugo waya, ko su zo su gaishe ta, su ce mini sannu da ƙoƙari, su tafi. Na ajiye sana'ata. Maigidana yana haƙuri, amma na ga alamar haƙurin ya fara ƙarewa. Makon jiya cikin dare, na gama canza mata shimfiɗa ke nan ta sake ɓatawa, sai na daka mata tsawa, na fizgi hannunta da ƙarfi. Ta kalle ni kamar ba ta san ni ba, ta fashe da kuka. Tun ranar na kasa yafe wa kaina. Na ce wa Yaya a samo wadda za ta riƙa karɓata, ya ce abin kunya ne bare ya yi jinyar uwarmu muna raye. Ita ma Mama ba ta yarda kowa ya taɓa ta sai ni. Anti, laifi ne in ce ina son hutu daga uwar da ta haife ni? In ba laifi ba ne, ta ina zan fara?

Ƙanwata, sannu. Allah Ya ba Mama sauƙi, ke kuma Ya saka miki da mafificin alheri. Amsar tambayarki ta farko gajeriya ce: ba laifi ba ne. Wadda ta shekara uku tana ɗaga babban mutum, tana wanki da gyara, darenta ba nata ba, idan ta ce ta gaji gaskiya ta faɗa. Tambaya ta biyu ita ce doguwa, a kanta zan daɗe. Amma sai mun fara tsayawa a kan daren makon jiya, don ba zan yaudare ki in ce ba komai ba ne.

Tsohuwar da ba ta iya kare kanta an yi mata tsawa, an fizge ta, ta tsorata. Wannan babban abu ne, kuma zuciyarki ta riga ta gaya miki haka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum 1 cikin 6 na masu shekara 60 zuwa sama da ke zaune a gidajensu sukan gamu da wani nau'in cin zarafi a cikin shekara guda. Ba duk masu aikata hakan ne mugaye ba. Akwai 'ya'ya masu ƙaunar iyayensu waɗanda gajiya da kaɗaici suka cinye har hannu ya riga hankali. Abin da nake so ki gane shi ne, irin wannan dare ba ya zuwa sau ɗaya ya tafi don kawai kin yi kuka kin yi alƙawari. Idan yanayin da ya haife shi bai canza ba, zai sake zuwa, kuma na biyu yakan fi na farko sauƙin faruwa. Don haka hutun da kike nema na Mama ne kamar yadda yake naki.

Ki duba hannun nan yau. Idan ɓarin da ya shanye ne kika fizga, ki sani naman kafaɗar wannan ɓarin ya saki, gaɓar tana iya gocewa da ɗan ja kaɗan. Ki duba kumburi, ko tabon jini a ƙarƙashin fata, ko ta yamutse fuska idan an motsa hannun. Idan kin ga ɗaya daga ciki, likita ya gani, kuma ki faɗa masa yadda aka yi. Nan gaba kuma, duk lokacin da kika ji zuciya ta taso miki har wuya, ki tabbata tana kwance inda ba za ta faɗo ba, ki fita daga ɗakin. Ki wanke fuska, ki sha ruwa, ki zauna minti goma. Shimfiɗar da ta ɓaci za ta iya jiran minti goma.

Yanzu jikinki. Kin ce rabonki da barcin kirki har kin manta, kin faɗe shi kamar ƙaramin abu. A 1997 wasu masana a Ostireliya, Drew Dawson da Kathryn Reid, sun gwada mutanen da suka yi awa 17 ba barci, suka tarar saurin hankalinsu da daidaiton hannunsu sun ragu kamar na wanda ya sha giyar da ta kai a hana shi tuƙa mota a ƙasashe da dama. A irin wannan hali kike auna magani, kike ɗaga mai shekara tamanin daga gado zuwa kujera. A 1995 Janice Kiecolt-Glaser da abokan aikinta a Jami'ar Jihar Ohio sun yi wa mata 13 masu jinyar 'yan uwa masu cutar mantuwa ɗan ƙaramin rauni a hannu, suka yi wa wasu matan da ba sa jinya irinsa. Raunin masu jinya ya ɗauki kusan kwana 49 kafin ya warke, na sauran kusan kwana 39. Sai kuma binciken Richard Schulz da Scott Beach na 1999 a Amurka, wanda ya bi tsofaffi sama da 800 har kusan shekara huɗu. Waɗanda ke jinyar miji ko mata kuma suka ce nauyin ya yi musu yawa, haɗarin mutuwarsu ya ɗara na marasa jinya da kashi 63 cikin 100. Waɗanda ke jinya amma ba su ji nauyin ya danne su ba, ba a ga wannan ƙarin a fili a kansu ba. Ke ba ki kai shekarun waɗancan ba, kada lissafin ya firgita ki. Abin lura a ciki shi ne, illar tana zuwa ne daga jinyar da babu mai karɓa, babu ranar saukewa.

Saboda haka ki je asibiti don kanki, a auna miki jini, a duba suga, a duba bayanki. Idan kin yi mako biyu ko fiye zuciyarki a ƙuntace kullum, abin da kike jin daɗinsa a da ya daina burge ki, cin abinci ya canza, kuka yana zuwa ba dalili, ki faɗa wa likita da bakinki, don ciwon damuwa yana yawan kama masu jinya kuma yana da magani. Idan kuwa tunanin cutar da kanki ko cutar da Mama ya taɓa zuwar miki, wannan ba na jiran mako ba ne, a ranar za ki nemi likita, kuma a ranar wani zai kwana a ɗakin maimakonki.

To, mene ne hutun? Na tambaya ne don mutane da yawa suna kiran abin da ba hutu ba da sunan hutu. Idan ƙanwarki ta zo ta zauna a bakin gado tana hira da Mama, ke kina kicin kina dafa wa baƙuwa abinci, kunnenki yana ɗaki, aiki aka ƙara miki. Hutu shi ne wani ya ɗauki alhakin Mama gaba ɗaya daga ƙarfe kaza zuwa ƙarfe kaza, ya iya abin da ake yi mata, ke kuma ki san ranar tun kafin ta zo, kuma ta riƙa dawowa kowane mako. Sanin ranar tun da wuri shi ne rabin amfanin. Wadda ta san ranar Laraba za ta yi barci, tana iya jure daren Litinin. Wadda ba ta san ranar da za a karɓe ta ba, kowane dare a wurinta ba shi da ƙarshe.

Kada ki ɗauka ke kaɗai ce kika buƙaci wannan, ko rauninki ne ya jawo. Ƙasashen da tsofaffi suka yi yawa a cikinsu sun daɗe da gane cewa mai jinya a gida in ba a karɓe shi ba, ƙarshe marasa lafiya biyu ake samu, har suka sa abin a doka. Jamus ta kafa inshorar kula da masu rauni a 1995, kuma a cikinta ana biyan wanda zai maye gurbin mai jinya idan ya tafi hutu ko ya kwanta ciwo, har mako shida a shekara, aka ƙara zuwa takwas a 2025. Japan ta fara nata tsarin a 2000, da cibiyoyin da tsoho ke wuni ya dawo gida da yamma, da wuraren da yake kwana na 'yan kwanaki. A Ingila dokar 2014 ta ba mai jinya 'yancin a zauna a auna buƙatunsa shi kansa, daban da na wanda yake jinya. A Ostireliya gwamnati tana tallafa wa kwana 63 a shekara na ɗan zaman tsoho a gidan kula don iyali su sarara. Ki tambayi asibitin da ke duba Mama ko akwai wani abu makamancin haka a inda kike, ko nas mai zuwa gida, ko ƙungiyar masu jinya. Idan akwai, ki karɓa ba tare da jin nauyi ba. Idan babu, ku biyar ne za ku gina shi da hannunku, kuma mutum biyar sun isa.

Da dare za a fara, don shi ne yake kashe ki. Kafin ma a raba kwana, a kai Mama likita musamman a kan rashin barcin nan. Sau da yawa akwai abin da ke tashinta wanda ba ta iya faɗa: ciwo a gaɓoɓi ko a fata, bayan gida da ya ƙi fita kwana da kwanaki, fitsari da ya taru ko ciwon mafitsara, ko maganin hawan jini mai sa fitsari da ake ba ta da yamma alhali da safe ya fi dacewa. Ki tattara duk magungunan da take sha, har waɗanda ba likita ya rubuta ba, ki kai masa a leda ɗaya. Idan kuma ruɗewar ta ƙaru farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu, kada ki ce tsufa ne, yawanci alamar wani ciwo ne a jiki, kamar zazzaɓi ko ƙarancin ruwa, kuma yana son gaggawa. Ina roƙonki kada ki sayo mata maganin barci da kanki, ko da wani ya ce ya gwada wa tasa uwar. Irin su diazepam suna ƙara wa tsofaffi ruɗewa da faɗuwa, wasu magungunan kwantar da hankali kuma an tabbatar suna ƙara haɗarin shanyewar jiki da mutuwa ga masu cutar mantuwa. A gida, ki fitar da ita ta ga hasken rana da safe ko a bakin taga ne, a rage dogon barcin rana, a daina shayi ko kofi daga la'asar, a bar ƙaramar fitila a ɗakin da dare. Idan ta nemi mahaifinku, ba sai kin sanar da ita rasuwarsa kowane dare ba, don kowane karo sabon rashi ne a wurinta. Ki ce mata, "Kina kewarsa ko, Mama?" ki bar ta ta ba ki labarinsa. Wannan duka zai rage, ba zai kawar ba. Dole dai a samu dare biyu aƙalla a mako da wani zai kwana da ita, ke ki kwana a wani ɗakin da ƙofa a rufe.

Nan muka zo kan 'yan uwanki. Ba na zarginsu da mugunta. Wanda ya zo da rana ya tarar da Mama a wanke, da tufafi masu tsabta, ɗaki yana ƙamshi, tana gyangyaɗi, me zai gani? Zai ga komai lafiya. Ƙoƙarinki ne ya ɓoye musu wahalarki. Kuma duk sanda aka ce miki ya jiki, ya ƙoƙari, na san abin da kike cewa: alhamdu lillahi. Godiya ga Allah tana nan a wurinta, amma ba ta hana faɗin gaskiya ga waɗanda nauyin yake kansu su ma. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ki ɗauki littafi, mako guda cur ki riƙa rubuta duk abin da kika yi wa Mama da lokacinsa, dare da rana. Ƙarfe ɗaya da rabi na dare, canjin shimfiɗa. Ƙarfe uku, ta farka tana kira, sai huɗu da kwata ta koma. Ba ƙorafi a ciki, lokaci ne kawai da aiki. Sannan ki kira su zama ku biyar, wanda yake nesa a sa shi a waya, a lokacin da ba a cikin fushi ake ba, kuma ba a gaban Mama ba. Ki ba su littafin su karanta. Ki faɗa musu abin da ya faru makon jiya. Na san wannan zai yi miki nauyi ƙwarai, amma shi ne zai sa su gane cewa maganar ta wuce sannu da ƙoƙari. Idan kina tsoron a mayar da shi abin gori, ki fara faɗa wa wanda kika fi amincewa da shi a cikinsu, ko wani babba da Yaya yake jin maganarsa, ya zauna tare da ku.

A zaman, kada ki ce "ku taimaka mini." Kowa zai ce to, in sha Allahu, kuma babu abin da zai canza, don ba a ɗora wa kowa komai ba. Ki zo da guraben a rubuce: daren Laraba da daren Asabar, wunin Lahadi daga safe zuwa magariba, kai Mama asibiti ranar ganin likita, mako guda cikakke duk bayan wata uku ko huɗu. Kowane gurbi a rubuta sunan mutum a gabansa, da sunan wanda zai maye idan uzuri ya taso, don kada uzurin ya dawo kanki. Wanda nisa ya hana shi kwana, ya biya wadda za ta kwana, ko ya ware mako guda daga hutunsa na shekara. Kuma ki daina kiran abin taimako. Uwarsu ce. Umarnin kyautata wa iyaye bai sauka a kan 'ya ɗaya ba a bar huɗu.

Maza za su ce ai wanka da gyara aikin mata ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kashi 70 cikin 100 na awannin da ake kashewa wajen kula da masu cutar mantuwa mata ne ke ɗauka, kuma da irin wannan maganar ake kaiwa can. A bar musu wankan in Mama ta fi sakewa da mace. Amma ɗa namiji yana iya kwana a ɗakin uwarsa, ya juya ta, ya ba ta ruwa, ya riƙe hannunta idan ta firgita, ya ɗaga ta zuwa kujera, wanda ma ya fi ki ƙarfin yi. Yana iya ba ta abinci, ya zauna da ita wuni guda.

Game da maganar Yaya. Na fahimci inda ta fito, ƙauna ce da kishin uwa, kuma mutumin da bai taɓa fashin kuɗin magani ba ya cancanci a yi masa magana da girmamawa. Amma maganar tana da saura. Idan bare ba zai taɓa Mama ba, to ɗa ne zai taɓa ta, kuma 'ya'yan biyar ne. Ki ce masa, "Yaya, na yarda. To wane dare ne naka?" Ba da gatse ba, da gaske. Ki roƙe shi ya kwana biyu a jere a ɗakin, ke ba kya nan. Mutane da yawa ba sa gane jinya sai sun yi daren farko. Idan ba zai iya ba saboda aiki ko nisa, uzuri ne karɓaɓɓe, amma wanda ba zai iya kwana ba bai kamata ya hana a ɗauko mai kwana ba. Kuɗin mai karɓarki ya shiga lissafi ɗaya da kuɗin magani.

Akwai kuma abin da zai kwantar masa da hankali. Tsoronsa shi ne a ce an yar da uwa. Mary Mittelman ta Jami'ar New York ta bi mutum 406 masu jinyar miji ko mata da ke da cutar Alzheimer, wani nau'in cutar mantuwa, shekaru da yawa. Rabinsu aka ba su zaman shawara shida, wasu su kaɗai wasu tare da dangi, da ƙungiyar masu irin halinsu, da damar bugo waya duk sanda suka matsu. Sakamakon da aka buga a 2006 ya nuna waɗannan sun riƙe marasa lafiyarsu a gida kimanin kwana 557 fiye da sauran kafin a kai ga gidan kula, wato kusan shekara ɗaya da rabi. Ba wani sabon magani aka ba mara lafiyar ba. Mai jinyar aka tallafa, aka jawo dangi ciki. Duk mai son Mama ta ƙarasa kwanakinta a cikin 'ya'yanta, hanyar ke nan.

Saura ita Mama, da ba ta yarda da kowa sai ke. Wannan gaskiya ne a yau, don shekara uku hannunki kaɗai ta sani, kuma mai mantuwa tana manne wa fuskar da ta saba. Ana sauya shi a hankali. Wadda za ta karɓe ki, 'yar uwa ce ko ta haya, ta fara zuwa kina nan, ta zauna, ta miƙo tawul, ta riƙe kofi. Ki gabatar da ita a matsayin wadda ta zo taya ki aiki, kada ki ce an kawo mata mai jinya. Bayan 'yan kwanaki ita ta ba da abinci kina zaune. Sannan ki fita rabin awa, sannan awa biyu. Wanka shi ne na ƙarshe da za ki miƙa. A tsaya a kan mutum ɗaya ko biyu, kada a yi ta sauya fuska. Ranar da za ki fita, sallama gajeriya, ki ce za ki dawo, ki tafi. Mai yiwuwa ta yi kuka, ta kira sunanki. Zai soke ki a zuciya. Ki tambayi wadda ta zauna minti nawa kukan ya ɗauka bayan fitarki. Sau da yawa ya fi abin da kike zato gajarta. Kukan rabuwa na ɗan lokaci a hannun mai kula da ita da kyau ba cutarwa ba ne, ya fi mata dare da 'yar da idonta ya rufe don gajiya.

Abin da ke kanki ki sauke shi a takarda, don muddin ilimin jinyar Mama yana cikin kanki ke kaɗai, ba za a iya karɓarki ba. Shafi ɗaya ko biyu a manne a bango: sunan kowane magani da lokacinsa, lambar likita da taki, abin da ke tsorata ta da abin da ke kwantar mata da hankali. Ki koya wa mai karɓarki da hannu, ta yi kina kallo. A juya ta kamar duk awa biyu idan tana kwance, a duba ƙugu da ɗuwawu da dunduniya da kafaɗa kullum, don nan gyambon kwanciya yake farawa. A fata mai duhu ba lallai a ga ja ba, sai dai wurin ya ƙara duhu, ya yi zafi ko tauri. A zaunar da ita sosai kafin a ba ta abinci, loma ƙanana, a bar ta a zaune rabin awa bayan ta gama, don masu shanyewar jiki suna yawan shaƙewa, abinci ya bi hanyar iska ya jawo ciwon huhu. Kada a ɗaga ta ta hammata ko a ja hannun da ya shanye. Ki roƙi likitan gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi ya nuna muku ku duka yadda ake tayar da ita ba tare da mai ɗagawa ya karya bayansa ba. Idan ta haya ce, ki nemi wanda ya san aikinta a wani gida ki ji daga bakinsa, ku yi magana a fili kan awanni da albashi da ranar hutunta ita ma, kuma a makonnin farko wani ya riƙa leƙowa ba sanarwa. Idan Mama ta fara firgita da ganinta, ko kika ga tabon da ba a yi bayaninsa ba, kada ki kau da kai.

Abu ɗaya nake gargaɗinki a kai: kada ki sauke kayan a kan babbar 'yarki. Yara suna iya zama da kakarsu, su yi mata hira, su miƙo ruwa, wannan alheri ne gare su. Amma kwanan jinya da ɗaga babba da fashin makaranta ba nasu ba ne.

Idan hutun ya samu, za ki ga abin mamaki: ba za ki san yadda ake yinsa ba. Za ki tashi ki kama wankin da ya taru, ko ki zauna da waya a hannu kina bugowa duk rabin awa. Ki yarje wa kanki kira ɗaya. Makonnin farko barci kawai za ki yi, kuma ya isa. Daga baya ki ba maigidanki wani yammaci da babu maganar magani a ciki, ki gaya masa kin ga haƙurinsa, ki tambaye shi abin da ya fi damunsa, don shi ma shekara uku yake cikin jinyar nan ta wata fuskar. Ki zauna da yaranki. Ki nemi ƙawar da kika daina kira. Idan akwai hanyar taɓa sana'arki ko kwana ɗaya a mako, ki taɓa, don ranar da jinya za ta ƙare kina buƙatar abin da za ki koma. Zuciya za ta riƙa ce miki kin gudu kin bar uwa. Ki tuna mata abin da Salmanul Farisi ya faɗa wa Abu Darda'i lokacin da ya ga ya hana kansa barci da abinci saboda ibada, cewa Ubangijinsa yana da haƙƙi a kansa, kansa yana da haƙƙi a kansa, iyalinsa suna da haƙƙi a kansa, ya ba kowane mai haƙƙi haƙƙinsa, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Salman ya yi gaskiya.

Yana yiwuwa ki yi duk wannan wasu su noƙe. Wani zai karɓi dare ya zo sau biyu ya daina. Kada ki jira sai duka huɗun sun yarda kafin a fara. Mutum ɗaya da dare ɗaya ya isa a kafa tsarin, sauran sukan shigo idan sun ga abin yana tafiya. Idan kuma duk sun ƙi, ki faɗa wa Yaya a fili cewa daga wata mai zuwa za ki ɗauki mai kwana biyu a mako, kina sanar da shi ne don girmansa, kuma kina neman a ƙara kuɗinta a kan na magani. Ke ce a ɗakin, kin fi kowa sanin abin da ɗakin yake buƙata. A zaman nan kuma ki yi musu tambayar da ba wanda ya yi tukuna: idan gobe aka kwantar da ke a asibiti mako biyu, wa zai zo, wa ya san maganin dare, a ina Mama za ta kwana? A rubuta amsar da sunaye kafin a tashi.

Ki fara rubutun littafin daga daren yau, ki nemi ranar ganin likita ta Mama da taki a cikin makon nan, ki sa ranar zama da 'yan uwanki kafin wata ya ƙare. Ki sake rubuto mini bayan zaman, ina so in ji wanda ya karɓi daren Laraba.